Ka haɗa kwamfutarka da hannunka amma ta ƙi tashi? Ga yadda zaka bi ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu samari da yawa anan Garwa da Marwa har zuwa Kusiri da Injamena sun fara haɗa kwamfutar tebur da kansu, mutum ya tara kuɗi kaɗan kaɗan yasa a kawo masa kart mer, wato babban allon da ake jona komai a kansa, daga Duwala, RAM, wato sandar ƙwaƙwalwar aiki ta injin, daga Kano, wani abun kuma okaziyon, wato na hannu, a wajen aboki, ya zauna dare guda ya ɗaure komai ya danna maɓalli sai yaji shiru. Toh abinda nakeso ka riƙe tun yanzu shine yawancin injinan da ake cewa sun mutu wallahi lafiyarsu ƙalau, ko wata waya ce bata zauna ba ko kuma wutar ce ma bata iso inda ake nemanta ba. Kada ka fara zargin kayan da yafi tsada. Daga bango zaka faro kana shigowa ciki, kuma abu ɗaya zaka dinga canzawa sannan ka gwada, don in ka taɓa abu biyar a tare ta tashi baka san wanne ne ya gyara ba, gobe ta sake yi maka ka dawo farko.

Kafin komai ka tsaya ka kalli irin ƙin tashin, don ba iri ɗaya bane. Akwai wadda babu komai sam, ba haske ba motsin fanka. Akwai wadda fanka zai ɗan juya kamar na rabin daƙiƙa ya tsaya. Akwai kuma wadda fankoki suna gudu fitilu suna ci amma ekaran baƙi ƙirin. Wannan ta ukun ai ta samu wuta, matsalarta daban ce, zamu zo kanta a ƙasa.

Wutar bango

Mutane suna raina wannan matakin amma a wajenmu shine babba. Ka samo abinda ka tabbata yana aiki, fankan ɗaki ko dutsen guga, ka soka a ainihin ramin da kwamfutar take. Kada ka gwada da cajar waya kaɗai, caja tana ci ko da wutar ta yi rauni sosai. Sannan ka cire ralonj ɗin, wato wayar ƙari mai ramuka da yawa, gaba ɗaya daga tsakani ka soka wayar kwamfutar kai tsaye a bango, ralonj ɗin kasuwa da yawa fitilarsu tana ci amma ƙarfen cikin ramin ya buɗe baya kama filogi. Idan akwai regilater mai daidaita wuta ko ondiler mai riƙe wuta in an ɗauke, shima ka tsallake shi na ɗan lokaci. Wasu regilater suna da jinkiri, sai sun yi 'yan daƙiƙu ko mintuna kafin su saki wuta, mutum ya zaci injinsa ne. Ondiler mai araha da inbata na sola wanda wutarsa ba sumul take fita ba, akwai alimantasiyon na zamani, wato akwatin wutar kwamfuta, da basa jituwa dasu, su ƙi tashi ko su dinga ƙara.

Wutarmu a Kamaru da Chadi bolt 220 ce, amma kowa yasan yadda take faɗuwa da yamma lokacin zafi in kowa ya kunna fanka da firij. In kana da maltimita ka auna. Sai ka karanta takardar dake manne a jikin alimantasiyon ɗin, wato akwatin dake rabawa injin wuta wanda 'yan Najeriya ke ce wa fawa saflai, mu dai alim muke cewa. Wanda aka rubuta 100 zuwa 240 yana jure faɗuwar wuta, wanda aka rubuta 200 zuwa 240 kuwa in wuta ta sauka sosai zai iya ƙin tashi, da safe kuma ya tashi lafiya.

Wayar wutar ita ma abin zargi ce. In irin ta Najeriya ce mai ƙafa uku masu faɗi, akwai fiyus a cikin kan filogin kuma yana ƙonewa, ga adafta ɗin da muke sawa don ta shiga soket ɗinmu mai zagayayyun ramuka shima yana yin sako sako. Wayar wutar ekaran da yawa bakinsu ɗaya da ta alim, ka musanya ka gani.

Sai bayan alim ɗin. Akwai maɓalli mai alamar I da O, gefen I shine a kunne. Kuma don Allah ka duba ko akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe an rubuta 115 da 230. Tsofaffin alim ne ke dashi musamman na okaziyon da suka fito daga Amurka. Dole ya kasance akan 230. In yana kan 115 aka soka shi a wutarmu, ƙara ɗaya zakaji da warin ƙuna, wannan kam ya tafi.

Cikin kes

Ka zare waya daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa goma ragowar wutar ta fita. In lokacin hunturu ne da iska ta bushe kana taɓa ƙarfe yana ɗan janka, ka dinga taɓa ƙarfen kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, kafin ka taɓa RAM ko kart mer, kuma kada ka yi aikin akan kafet ko bargo.

Wayoyi biyu ne rayuwar kart mer. Babbar mai fil 24 dake gefen dama, da ƙaramar mai fil 8 ko 4 dake can sama ta hagu kusa da prosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar injin. Babbar tana da tauri sosai in sabuwa ce, sai kaga kamar ta shiga alhali gefe ɗaya ya ɗaga, ka tallafe kart ɗin da yatsa ta ƙasa ka danna har ƙugiyar ta kama, kada kaga ko ɗan tsaga tsakanin robobin biyu. In irin mai rabuwa ce 20 da 4, ka haɗe su tukun kafin ka soka don ƙaramin ɓangaren shine yake maƙalewa a sama. Ta prosesa kuwa ita aka fi mantawa saboda tana lungu. Anan akwai tarko, wayar kart grafik, wato kart ɗin dake fitar da hoto zuwa ekaran, itama fil 8 ce. Yadda zaka bambance, ta prosesa tana rabuwa 4 da 4 kuma an rubuta CPU, ta kart grafik tana rabuwa 6 da 2 an rubuta PCI-E. In kaji waya taƙi shiga kada ka sa ƙarfi, ba wajenta bane.

Wanda alim ɗinsa irin mai cire wayoyi ne, ya duba ɗayan bakin da yake shiga jikin alim ɗin shima. Kuma ina roƙonka kada ka ari wayar wani alim ka sa a naka ko da bakin ya shiga daidai. Kamfanoni ba tsari ɗaya suke bi a wannan gefen ba, har kamfani ɗaya ma yakan bambanta tsakanin samfuri da samfuri, wayar aro tana iya kai bolt 12 inda ake jiran 5 ta ƙone maka disk da duk abinda ke ciki.

Yanzu ka mayar da wuta ka kunna maɓallin baya amma kada ka danna na gaba. Kart mer da yawa suna nuna alamar sun samu wutar jira, wata 'yar fitila, ko fitilar ramin wayar intanet, ko ka soka wayar salula a USB na baya kaga tana caji. In kaga haka albishir ne, alim ɗin bai mutu gaba ɗaya ba. In baka gani ba kuma ba hujja bace tukun don ba kowane kart ke nunawa ba.

Maɓallin gaba

Waɗannan ƙananan wayoyin da suke fitowa daga gaban kes su ne suka fi wahalar da sabon mai haɗi. A ƙasan kart mer ta dama akwai jerin filoli an rubuta F_PANEL ko JFP1 ko PANEL. Wadda aka rubuta POWER SW ko PWR SW ita muke nema, kada ka rikita ta da POWER LED, waccan ta fitila ce kawai. A tsarin da aka fi yawan gani filoli 9 ne, layi ɗaya biyar ɗayan huɗu da gurbi babu fil, toh a layin mai huɗun, biyun dake kusa da gurbin su ne na kunnawa. Amma ka duba rubutun dake jikin kart ɗin ko littafinsa don wasu kamar Asus sukan zo da jeri mai tsawo. Wayar maɓalli bata da gaba da baya, duk yadda ka juya ta ɗaya ne.

Gwajin da zai raba gardama shine ka zare wayar POWER SW ɗin, ka ɗauki turnabis, wato sukudireba, mai faɗin baki ka taɓa filolin nan biyu tare na daƙiƙa ɗaya ka ɗaga. Ba zai ja ka ba, wutar wajen kaɗan ce, kawai ka kula kada bakin ya zame ya taɓa na kusa. In injin ta tashi toh maɓallin kes ne ya lalace ko wayarsa ta tsinke. Kafin ka samu gyara ka ɗauki wayar RESET SW ka soka a wajen, maɓallin reset ya zama shine na kunnawa, irin maɓalli ɗaya ne. Wani lokacin ma reset ɗin ne ya maƙale a danne yake hana ta tashi, don haka in kana gwaji ka zare duka.

Gwada alim shi kaɗai

In turnabis bai tada ta ba sai mu ware alim. Kashe maɓallin baya, zare duk wayoyinsa daga kart mer da disk da kart grafik. A babbar wayar nan mai fil 24 akwai koriyar waya guda ɗaya tak, ita ce fil na 16, ita kart mer yake haɗawa da ƙasa, wato layin baƙaƙen wayoyi, in ka danna maɓalli. Ka samu ƙarfen maƙale takardu ko guntun wayar tagulla ka lanƙwasa, ƙafa ɗaya a ramin koriyar ɗaya a ramin baƙar dake kusa da ita. In wayoyin duk baƙaƙe ne irin na yanzu, ka riƙe kan ramukan suna kallonka ƙugiyar tana sama, rami na huɗu da na biyar daga hagu a layin sama, ka ƙirga sau biyu kafin ka soka. Sai ka kunna maɓallin baya.

Fankan alim ya juya, yana da rai. Bai juya ba, kada ka yanke hukunci da wuri, wasu masu kyau an ƙera su fankan baya motsi sai sun ɗauki zafi, shiyasa yafi kyau ka jona masa wani fankan kes ko ka auna da maltimita. Baƙin tsinken mita akan baƙar waya, jan kuma kana zagayawa dashi. Rawaya bolt 12 ce, ya kamata ka gani tsakanin 11.4 da 12.6. Ja 5 ce, 4.75 zuwa 5.25. Mai ruwan lemo 3.3, kamar 3.14 zuwa 3.47. Mai launin shunayya, wato violet, kuwa ita ce wutar jira, 5 take badawa ko ba'a sa ƙarfen nan ba muddin alim yana jone, in ita babu to babu yadda za'ayi maɓallin gaba yayi aiki.

Amma fa wannan gwajin rabin labari ne. Alim yana iya bada lambobi masu kyau babu kaya a kansa, ana ɗora masa prosesa da kart grafik ya durƙushe. Hanyar da tafi tabbas ita ce ka ari alim ɗin da kasan yana aiki a injin wani ka gwada, da wayoyinsa. Kuma anan zan faɗi ra'ayina ƙarara, abin yana min ciwo inga yaro ya zuba dubban sefa a prosesa da kart grafik sannan ya ɗora musu alim mara suna wanda aka rubuta 600W a jiki amma ka ɗaga shi ba nauyi, araha bata ado, a ƙasar da wuta take zuwa tana ɗaukewa ga janareto ga zafin Maris da Afrilu da yake haura 40, alim ne yake karɓar duk dukan.

Kada ka buɗe shi. Akwai manyan kondansater a ciki da suke riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya. Ka leƙa ta raga da tocin waya ya isa. An taɓa kawo min wata injin daga wani shagon buga takardu da aka rufe kwanakin sallah, da aka dawo taƙi tashi, ina haska ragar alim ɗin sai ga tsaka ta bushe a miƙe akan allon ciki, wajen yayi baƙi, ta shiga neman ɗumi ta haɗa wuta. Kyankyaso ma suna yin haka. Irin wannan canji kawai ake yi.

Wani abu kuma, alim ɗin da aka ciro daga injinan ofis na Dell ko HP da yawansu ba tsarin kowa da kowa suke bi ba, kada ka ɗauka ka sa a kart mer na kasuwa, haka kart ɗinsu ma yawanci baya karɓar alim na gama gari.

Fanka ya juya ya tsaya

Wannan alama ce ta alim ya ji wuta ta haɗu a wani waje ya kare kansa, ko kuma ya kasa ɗaukar kayan. Anan sai an yi haƙuri an fito da kart mer daga kes. Ka ɗora shi akan kwalinsa, ba akan ledar nan mai sheƙi ba, ba kuma akan ƙarfe ba. Ka bar prosesa da fankansa, RAM guda ɗaya, wayar 24 da ta 8, shikenan. Ba disk, ba USB na gaba, ba kart grafik. Ka tada da turnabis.

In ta tashi a waje toh kes ɗin ne ko wani daga cikin kayan da ka cire. Ka duba 'yan ƙafafun tagullan nan da ake ɗaurawa a bangon kes kart ya zauna a kansu, dole kowace ƙafa ta dace da rami a kart ɗin. Wani ɗalibi ya kawo tasa, kes ɗin okaziyon ne da a da aka sa babban kart a ciki, shi kuma ƙarami ya siya, ƙafa ɗaya ta rage a tsakiya inda babu rami tana gogar bayan kart ɗin, da muka juya shi har ta bar ɗan zane mai sheƙi tsakanin dalma biyu. Cire ƙafar kawai akayi, Allah ya taimake shi bata ƙona komai ba. Wasu kuma sam basa sa ƙafafun, su ɗaure kart kai tsaye a jikin ƙarfe. Ka duba kusar da ta faɗa baya, ka duba farantin ƙarfen nan na baya don 'yan harsunansa suna shiga cikin ramin USB ko na HDMI, ka leƙa ramukan USB na gaba ko akwai wanda robarsa ta karye ƙarafan suka haɗe.

Daga nan sai ka dinga mayar da kaya ɗaya ɗaya kana kunnawa, wanda ka sa ta mutu shine ɓarawon.

In a wajen ma taƙi, da alim ɗin aro mai kyau, sai a ɗaga prosesa a duba. Na AMD mai AM4 filolin a jikin prosesa suke, na Intel da AM5 kuwa a cikin gurbin kart mer suke kuma sirara ne ƙwarai. Ka haska toci ta gefe, wanda ya lanƙwashe zai yi ƙyalli daban da sauran. Ka tabbata alamar kusurwa uku ta prosesa ta dace da ta gurbin. Fankan prosesa in an ɗaure gefe ɗaya fiye da kima shima yana hana filoli zama, ka sassauta ka ɗaure a giciye kaɗan kaɗan.

Fanka yana gudu amma ekaran baƙi

Fara da wayar ekaran. In kana da kart grafik, a jikinsa ake sokawa can ƙasa, ba a ramin kart mer ba. In kuma baka dashi ka duba sunan prosesa ɗinka, na Intel mai F a ƙarshe kamar i5-12400F bashi da hoto a cikinsa, haka Ryzen 5 3600 da 5600, sai masu G kamar 5600G. Irin waɗannan ko shekara zaka yi kana soka HDMI a kart mer babu abinda zai fito. Ka duba ekaran ɗin ma yana kan mashigar da ka soka, kart grafik kuma an bashi tasa wayar wutar.

Sai RAM, wanda shine yafi yawan jawo wannan. Ka cire ka mayar har kaji ƙas ta gefe biyu. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga prosesa ake fara cikawa, A2 da B2. Gwada ɗaya ɗaya. Injin da ta sha hanya, misali ta hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere sannan mota ta ɗauko ta zuwa Garwa ko Marwa, kusan dole RAM da kart grafik sun motsa. In na okaziyon ne ƙura ta hau bakin zinaren, ka goge da kilina na fensir a hankali ka share da tsumma busasshe. DDR4 da DDR5 duk fil 288 ne amma tsagarsu ba waje ɗaya take ba, basa shiga gurbin juna. Mai DDR5 kuma ya sani tashin farko yana iya ɗaukar mintuna ekaran na baƙi, injin tana daidaita RAM ne, kada ka kashe ta.

Kart mer na yanzu da yawa suna da fitilu huɗu a gefe, CPU, DRAM, VGA, BOOT, wadda ta tsaya a kunne nan matsalar take. In BOOT ce kaɗai ma ka gode Allah, saura sa Windows ko duba disk.

In duk babu, ka goge saitin BIOS, wato ɗan shirin dake cikin kart mer wanda yake fara tada injin. Zare wuta, cire batirin nan zagayayye CR2032, jira kamar minti biyar ka mayar, ko ka taɓa filoli biyun da aka rubuta CLR_CMOS ko JBAT1. Batirin bolt 3 yake badawa, in kart ɗin tsoho ne ka auna, in yayi ƙasa sosai ka canza, masu gyaran agogo suna dashi.

Na ƙarshe shine rashin jituwar BIOS da prosesa. Kart B450 da ya daɗe a shago baya gane Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS. In yana da maɓallin Flashback a baya, wato na sabunta BIOS, kile USB da aka yiwa fomat FAT32 da fayil ɗin daga shafin kamfanin ya isa, ka bi littafin wajen sunan da za'a sawa fayil ɗin da ramin da za'a soka. In babu maɓallin sai ka ari tsohon prosesa. Kuma kada ka fara wannan aikin sai akan ondiler mai caji, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS kart ɗin zai iya zama sai an kai wa mai na'urar rubuta cif.

In ka bi duk wannan da alim na aro da RAM na aro har yanzu shiru, toh yanzu ne zaka iya cewa kart mer ne ko prosesa, kuma kart ɗin yafi yawan zama mai laifi. Kafin ka mayar wa wanda ya siyar maka ka ɗauki hoton gurbin prosesa da kyau filolin suna fitowa, ka mayar da murfin robar da yazo dashi, ka haɗa da resit da kwalin, kada kuma ka bari kowa ya sa masa dalma ko ya hura masa iska mai zafi kafin ya koma, don da zarar mai shago yaga alamar an taɓa ba zai karɓa ba.